Ranar Da Na Sayar Da Wutar Da Ba Ni Da Ita

Kwanan baya ina wanke-wanke rediyo na kunne, sai na ji wasu mutum biyu suna hira da Faransanci a kan dokokin da ake gindaya wa masu samar da lantarki kafin a bar su su sayar da sari a babban layin ƙasa. Ɗayan ya ce dole kamfani ya faɗi tun jiya abin da zai iya bayarwa yau, in ya faɗa bai cika ba a hukunta shi. Ɗayan ya ce dokar ta yi tsauri. Na tsaya da kumfa a hannu ina ba rediyo amsa, na ce ba ta yi tsauri ba, malam, ka zo ka tambaye ni. Ni an taɓa hukunta ni da irin wannan doka, kuma ba a wani ofishi mai sanyi ba. A gindin darbejiya ne, a layin masu firiza na kasuwarmu ta Garwa.

Shaguna ne ashirin da ɗoriya a jere, kowanne da firizarsa. Mafi yawa kifin madatsar ruwa ta Lagdo suke ajiyewa, wasu ƙanƙara, wasu folere, wato zoɓo, da madara a leda. Da bazara, in ruwan madatsa ya ja baya, wutar gari takan tafi tun da safe, ba ta dawowa sai ta ga dama. Shi ya sa tun ina firamare masu shagunan suka haɗa kai suka ja waya ɗaya daga farkon layi zuwa ƙarshe, suka kafa ƙungiya. Ƙungiyar ce take sayen wuta da sari daga masu gurup, wato janareto, ta raba wa shaguna. Ba a yarda mai gurup ya zagaya ya sayar wa shago ɗaya ta bayan fage ba. Ba a kuma ɗora gurup biyu a wayar lokaci guda, sai dai bi da bi: ɗaya ya riƙe safe, ɗaya rana, ɗaya yamma. Safe da yamma wasa ne, ko an kashe rabin firizojin sanyin cikinsu yana riƙewa. Rana ce aikin, daga sha ɗaya zuwa la'asar, lokacin da ko kwanon rufi ƙara yake yi don zafi. Wanda ya riƙe rana shi ne babba, kuma Babana ne yake riƙe da ita tun ranar da aka ja wayar.

Kullum ƙarfe bakwai na safe masu gurup sukan hallara a gindin darbejiyar. Shugabar ƙungiya, wata dattijuwa Kirista daga duwatsun Poli wadda kowa ke kira Mama mai kifi, takan kife tire a kan benci. Kowane mai gurup ya zo da marfin kwalbar lemo ya jera a kan tiren, marfi ɗaya firiza ɗaya. An zaɓi marfi ne don a layin akwai mai Fulatanci, akwai mai Hausa, akwai mai yaren dutse, akwai wanda Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba, amma kowa ya iya ƙirga marfi. Wanda ya fi yawa shi ke da rana. Daga nan mata su tashi su tattara kaya cikin firiza daidai adadin da ya ajiye, su kashe sauran, kifin da bai samu wuri ba a kai shi banda tun da sanyin safiya.

Sai dokar azahar. In ka kunna ka ji gurup ɗinka ba zai iya ba, kana da dama har zuwa kiran azahar ka zo ka ɗauke marfin da ya yi maka yawa, ba a yi maka komai sai dariya. In kuwa ka yi shiru ya mutu a hannunka bayan an kira salla, ka fita daga tire. Gurbi uku ne kawai, kuma akwai masu jira. A sa na gaba a wurinka, kai ka koma can ƙarshen masu jiran.

Baba takwas yake ajiyewa. Tun ina bin sa kasuwa da kwanon abinci takwas ne, har na yi tsawon da nake leƙa tiren ta saman kafaɗarsa takwas ne. Abokinsa, wani tsohon Bafulatani da muke kira Baffa, biyar yake ajiyewa, da wani gurup da ya girme ni, wanda aka ɗaure wa murfi da wayar keke. Na ukun wani mutumin Meiganga ne mai shiru-shiru, da sunan garinsu ma ake kiran sa, shi bakwai. Haka tiren yake shekara da shekaru, har na ɗauka zuwan ƙarfe bakwan nan gaisuwa ce kawai.

A bazarar da na bar lise, wato babbar sakandare, bayan na faɗi jarrabawa ɗaya sau biyu, Baba ya faɗi a babur a hanyar Mayo-Oulo yana dawowa da jarkokin mai. Ƙafar dama ta karye a wuri biyu. Mu biyar ne a gidan, duk mata: biyu suna ɗakunansu, biyu suna firamare, sai ni a tsakiya ina zaune ina faɗa da kowa. Ya kira ni bakin tabarmarsa ya miƙo mini gwangwanin madara da marafan a ciki. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Uwata, takwas ne," ya ce. "Ko wani ya juye buhu a kan tiren, ke takwas."

Na ce to, irin to ɗin da nake yi in ina so a gama magana.

Ya kamata in faɗi cewa a duk darussan lise fizik, kimiyyar wuta da inji, ita kaɗai ce ba ta taɓa kayar da ni ba, kuma ban bar kowa ya manta da hakan ba. Ranar farko da na buɗe rumfar gurup, kafin ma in duba mai, na durƙusa na goge ɗan farantin ƙarfen da ke manne a gefensa, inda masu ƙira suka rubuta ƙarfinsa. Na zagaya shaguna na karanta na bayan kowace firiza, mata suna ɗaga mini buhuna suna tambaya ko ɓera nake nema. Na zauna da biro a bayan tsohon littafina na raba wannan da wancan. Sha huɗu ta fito, har da ragowa. Na sake, sha huɗu. Na zauna ina jin tausayin Baba. Mutum ya yi shekaru yana zaune a kan firiza shida bai sani ba, don dai ba a sa shi boko ba. Wallahi har ƙwalla ta kusa zo mini, rabi don tausayinsa, rabi don sha'awar kaina.

Duk da haka sati biyu na farko na ajiye takwas, na riƙe rana, komai lafiya. Na koyi zuba mai ba tare da na yi wanka da shi ba, na koyi jan igiya ba tare da na faɗa da baya cikin jarkoki ba. Matan layi suka sa mini suna Madam injiniya. Na ɗauka yabo ne, ina amsawa.

Sai Meiganga ya je gida ya sayar da shanu, ya dawo da sabon gurup ruwan ɗorawa, mai tayoyi, mai tashi da makulli kamar mota. Washegari ya sunkuya ya jera goma. Bai ko kalle ni ba, wannan ne ya fi ci mini rai. Mama ta ƙirga nasa, ta ƙirga nawa, ta ce to, yau rana ta Meiganga ce, 'yar Alhaji safe, Baffa yamma. Aka watse kamar ba a yi komai ba. Abin da ba a taɓa yi ba tun da aka ja waya, a hannuna aka yi shi.

Na koma gida ina huci. Baba ya saurare ni har na gama, sannan ya ce safe ba ta cin mai sosai, kuma tire kullum sabo ne, gobe ma za a kife shi. In goman nan gaskiya ce Allah ya sa albarka, mata sun samu ƙarin firiza biyu; in ba gaskiya ba ce za mu ji da kunnenmu. Na kawo masa maganar farantin ƙarfe. Ya ce wanda ya rubuta farantin bai taɓa zuwa Garwa a watan Afrilu ba. Na ce lissafi ba ruwansa da wata. Ya ce a miƙo masa buta.

Goman gaskiya ce. Kwana uku ina laɓewa a bakin rumfa da rana ina kasa kunne in ji sabon gurup ya yi tari, bai yi ba, sai wani gurnani mai laushi kamar mage ta ƙoshi. In na gaji in kulle rumfa, in bi ta gaban shaguna ashirin da jarka a hannu, kowa na yi mini sannu da aiki. Ba wadda ta yi mini ba'a. Na binciki fuskoki ɗaya bayan ɗaya ban samu ba, sai na yanke cewa a ciki suke yi.

Rana ta huɗu na biya ta wurin mai sayar da lemo na tsinci marfi shida a ƙasa.

Na bari kowa ya jera nasa. Baffa biyar, Meiganga goma. Sannan na zazzage gwangwanin na jera nawa layi biyu, bakwai-bakwai, har ina daidaita su da farce. Baffa ya matso, ya sa yatsa ɗaya ya ture shida gefe a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, ya ce cikin Hausarsa mai jan Fulatanci wataƙila sun zubo mini ne ban lura ba. Ƙofa ce ya buɗe mini. Da na yi dariya na kwashe da shi ke nan. Na mayar da su ɗaya bayan ɗaya.

"Baffa, ai a rubuce yake a jikin injin."

"Alhaji ya sani?"

"Alhaji yana kwance. Ni ce a tire."

Mama ta ƙirga sau biyu tana taɓa kowanne. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"'Yar Alhaji, motar kifin Lagdo tana bakin ƙofa. Da rabi za mu ɗauka, rabi ya wuce wurin masu banda. In sha huɗu ne, zan ce a sauke duka."

"A sauke," na ce.

Na faɗe shi da wata murya da har yau in na tuna nakan ja mayafi in rufe fuska, ko ni kaɗai ce a ɗaki. Aka sauke. Karfasa, tarwaɗa, giwan ruwa biyu da sai mutum biyu suka ɗauki kowanne. Firizojin da suka yi wata a kashe aka wanke su aka cika. Mata suna ta murna, wata har ta kawo mini ƙosai a takarda. Na ci.

Wutar gari ta tafi kamar yadda ta saba. Meiganga ya riƙe safe, sha ɗaya ya kashe, ya kulle rumfarsa ya hau babur ya tafi ƙetaren Binuwai neman mai, tunda ba shi da sauran aiki sai gobe. Na ja igiya, gurup ya tashi, na ɗaga makunnin da ke ɗora masa layi.

Abin da littafina bai gaya mini ba, ko ya gaya mini a ranar da na yi barci a aji, shi ne firiza in za ta tashi tana fizgar wuta fiye da abin da ke rubuce a bayanta nesa ba kusa ba, kuma firizar da aka cika da ɗanyen kifi mai ɗumi ba ta hutawa, ja take yi ba tsayawa. Sha huɗu suka fizga tare. Gurup ya durƙusa, ya yi wani nishi, ƙwan fitilar rumfa ya yi ja kamar garwashi, sannan ya daure ya miƙe. Na yi tafi ni kaɗai. Amma muryar ba tasa ba ce. Da muryar injin nan na girma, da ita nake barcin rana ina ƙarama, na san ta fiye da ta wasu dangina. Ranar tana da wani kaushi a ƙasa, kamar tsoho yana hawan tudu da kaya yana cewa bai gaji ba. Tun minti goman farko na ji. Ina so wannan ya fito fili, don daga baya na yi ta gaya wa mutane cewa ba zato ya mutu.

Wayata ta fara ƙara. Gidanmu yana bayan kasuwa, katanga biyu ce tsakani, kuma na manta cewa ƙafar Baba ce ta karye ba kunnensa ba. Na dubi sunan, na kife wayar a kan jarka. Ta yi ta rawa a kan robar har ta faɗo ƙasa, na bar ta a can.

Wajen sha biyu Baffa ya zo. Bai shigo ba, ya tsaya a bakin rumfa ya karkata kai, ya kai bayan hannu kusa da ƙarfen bai taɓa ba. Ya ce akwai sauran lokaci kafin azahar, masu banda suna nan ba su kashe wuta ba, in na ɗauke shida yanzu ba kifin da zai lalace. In kunya nake ji, shi zai je ya ɗauko mini, ya ce Alhaji ne ya aiko. Na ce masa sabon kaya ne, injin bai saba ba, zai saba. Ni na faɗi haka, ni mai fizik. Ya dube ni, ya dubi injin, ya ce Allah ya sa ya saba, ya tafi alwala.

Daga rumfa ana hango tiren a gindin darbejiya, marafana na ƙyalli a kai. Taku talatin ne, na ƙirga daga baya. Sau biyu na miƙe. Na farko na hango mai ƙosan nan zaune kusa da benci, na koma. Na biyu na kai har bakin kwata, sai na tuna zan wuce ta gaban rumfar sabon gurup, wanda mai shi ma ba ya nan, na ji kunyar inji, na juyo. Na ɗebo ruwa na yayyafa a ƙasan rumfa, na ɗauki kwali ina yi wa gurup fifita. Da aka kira azahar, abin da na ji a raina sanyi ne, don yanzu ba sauran zaɓi, ba wanda zai sake cewa in tashi.

Ya ƙara kamar rabin awa. Sai wari irin na roba da gashi, sai farin hayaƙi daga inda ba a saba ganin hayaƙi ba, sai ya yi shiru. Layin gaba ɗaya ya yi shiru tare da shi, har ina jin motsin ƙuda. Na ja igiya sau uku don dai a ga ina wani abu.

Aka ɗora na Baffa, ya ɗauki biyar ɗinsa. Aka kira Meiganga a waya, yana can ƙetare, ya ce ko ya taso yanzu bai samu man ba tukuna, tankinsa a bushe yake, sai dai la'asar. Firiza tara cike da kifi a tsakiyar Afrilu, masu banda kuma sun riga sun kashe wuta sun tafi. Na tsaya ina jira a zage ni, har na shirya amsoshi. Mama ta zo ta wuce ni kamar turke, ta shiga raba aiki: wasu su ɗauko gangunan banda, wasu itace, wasu gishiri. Da ta gama ta dawo ta miƙo mini wuƙa.

"Madam injiniya, ga wani injin. Wannan ba ya shan mai."

Na zauna a kan bulo a tsakanin mata da atamfata ta fita, wadda na ɗaura musamman don ranar, na yi ta farke kifi har la'asar sakaliya. Ban iya ba. Wata tsohuwa ta ce in haka ake gyaran kifi a lise gara da na fito. Wata ta ɗaga tarwaɗa ta ce in duba ko akwai rubutu a jikinta in karanta musu. Suka yi dariya, ba mai yawa ba, don hannuwansu na aiki, kuma kifin da aka sauke don a sayar ɗanye yana komawa banda a idonsu, wani ma bai kai ga wutar ba sai da aka zubar. Giwan ruwa ɗaya na Mama ne. Ita ta datsa shi da hannunta, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da na shiga gida ina warin hayaƙi da ƙarni, Inna ta nuna mini bokiti tun daga zaure. Baba bai yi faɗa ba. Abu ɗaya ya tambaya, ƙarfe nawa na fara jin muryar ta canza. Na buɗe baki zan ce bayan azahar, sai na ji na ce sha ɗaya da minti goma. Ya gyaɗa kai ya ce shi ma.

Da safe na tashi da jawabi a kaina. Zan ce dokar azahar ba a rubuce take a ko'ina ba. Zan ce laifin masu ƙira ne da suka rubuta abin da ba haka ba. Zan ce gurbin na Baba ne, ba a hukunta mai kwance da laifin mai tsaye. Ina cikin bitar wannan na ga Baba ya sa an kira mai keke mai ƙafa uku, maƙwabta biyu sun ɗauko shi, ƙafa a miƙe cikin karan ɗori. Na ji daɗi, na ce roƙo zai je yi, wa zai iya kallon ƙafar nan ya ce a'a.

Aka zaunar da shi a kan benci kusa da tire. Mama ba ta bar ni na buɗe baki ba. Ta ce ƙungiya ta zauna ta duba: yarinya ba ita ce mai gurup ba, Alhaji kuma yana kwance, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa barin ko leda ɗaya ta narke ba. Saboda haka wannan karon an bari. Yarinya ta sauka daga tire, gurbin ya jira Alhaji har ya miƙe. Kowa ya gyaɗa kai, har Meiganga. Na saki numfashi, na ɗan ji haushin jawabina da ya tafi a banza.

Baba ya gyara zaman ƙafarsa da hannu biyu.

"Mama, ranar da muka ja wayar nan, wa ya kawo maganar azahar?"

"Kai ne, Alhaji."

"Mutum nawa muka fitar da ita?"

"Biyu."

"Na biyun matarsa ce ke naƙuda ranar. Ya faɗa mana a nan wurin, ni na ce ba za a duba ba. Gwangwanina aka zazzage a tiren nan jiya. A kira na gaba."

Baffa ya sunkuya ya yi masa magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa, ya daɗe yana yi. Baba ya girgiza kai. Mama ta cire tabarau ta goge da bakin zane ta mayar, sannan ta kira na gaba, wani tela da ya yi bazara uku yana jira da gurup ɗinsa. Ya taso yana gyara hula, bai yarda ya haɗa ido da kowa ba, ya ajiye shida.

A cikin keke na fashe. Na ce an yafe mana, wa ya tambaye shi, da me za mu riƙa cin abinci, shi ke nan don a ce Alhaji mai gaskiya ne sai a zubar da aikin shekara da shekaru. Ni da na ƙona injin, ni ce ke faɗan. Mai keke yana ta leƙo mu ta madubi. Baba ya bari har muka kai ƙofar gida, sannan ya ce in ya karɓa, gobe kowa zai zo da 'yarsa. Ya ƙara da cewa akwai wata dokar da wataƙila ban sani ba, tunda ba a taɓa buƙatar in sani ba: mai jira dole ya nuna fuska a gindin darbejiya kullum ƙarfe bakwai, in ya yi fashi sau uku a tsallake shi. Ƙafarsa ba za ta iya ba.

"Sai ke, Uwata," ya ce, ya miƙa wa maƙwabta hannu su sauke shi.

An gyara gurup ɗin, an sake naɗa masa waya, yanzu gidajen biki da suna yake zuwa haya. Bazara biyu ke nan. Da farko mu ne na biyar a masu jira, yanzu mu ne na biyu, ba don wani ya faɗi a tire ba, sai don uku sun gaji sun sayar da injinansu. Ƙafar Baba ta warke, yana ɗingishi kaɗan, yana zuwa masallaci, yana zuwa ta'aziyya har Pitowa, amma da an yi maganar ƙarfe bakwai sai ya ce sanyin safiya na taɓa masa ƙashi. A Garwa, da bazara.

To ni ce dai. Ina zama a ƙarshen benci tare da mai jiran da ke gabana, ba ni da izinin taɓa tire, ba ni da izinin magana, ni da ko shayi ba na iya jira ya huce. Ba zan yi ƙaryar cewa na zama mai haƙuri ba. Da rana nakan ƙirƙiro aike in bi ta layin, in rage tafiya a bakin rumfar wanda ke kan waya, in karkata kai, kuma ba fatan alheri nake yi ba. Har yau ba wanda ya faɗi. Jiya tela ya jera shida, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya yi tunani, ya ɗauke ɗaya ya mayar aljihu, wai yau za a yi zafi. Na cusa bakin mayafi a baki na ciza, don kada magana ta kuɓuce mini, har aka watse.